Awa Biyar Daga Kano Zuwa Jidda

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan wannan takarda za ta same ki da rai, ina da tambaya, gare ki da duk wanda idonsa ya kai wannan shafi nawa na intanet: wane irin mahaukaci ne yake auna nisa da agogo?

Mu ne, Yaya.

Kin tuna ranar da ejan nan na Yalwawa ya zo har Buji, ya zauna a tabarmar Inna? Ta tambaye shi nisan Jidda, inda za ki yi aikatau. Ya ce awa biyar ne daga Kano, ƙila ma bai kai ba. Inna ta ce ashe kamar Kaduna ne. Ta juyo ta ce miki, in suka wulaƙanta ki, ƙaninki zai je ya taho da ke. A kan haka ta yarda.

Sai da saƙon muryarki ya shigo na buɗe taswira a waya. Chadi, Sudan, hamada, sannan teku. Awa biyar ɗin na jirgi ne. Babu tashar da ake lodin can.

Kin ce matar gidan ta buga miki dutsen guga a baki, ɗanta yana riƙe da hannayenki. Haƙora biyu suka zube. Ina jin ki kina tofar da jini kafin ki ci gaba da magana. Fasfonki yana wajensu. Wata biyu ke nan wayarki a kashe.

Na sami ejan a ofis yana shan shayi. Wai mata akwai ƙorafi, ki yi haƙuri. Na watsa masa shayin a fuska, na ci kwalarsa, na yi ta buga kansa da tebur har hancinsa ya fashe. Mutum uku suka ɓamɓare ni. Kwana huɗu na yi a tsare. Ban yi nadama ba. Abin da yake cin raina shi ne na fito ba tare da adireshin gidan ba.

Inna ba ta ji saƙon ba, shirunki ne ya dame ta. Shekaranjiya ta ƙulle min ƙuliƙuli da yajin daddawa a leda, ta ce in kama motar sassafe, in na same ki kada mu tsaya yawo. Na sa hannu biyu na karɓa. Ledar tana ƙarƙashin gadona.

Ke ce kike ajiye min jaridun da aka naɗo ƙosai, kina goge man da zaninki don in iya haɗa baƙi. Ga abin da na yi da karatun.

Allah Ya tsare ki, Ya karya hannun da ya taɓa ki, Ya dawo mana da ke da ƙafarki.

Shi kuma ejan na san yana karantawa, da filasta a hanci. Kada ya turo min dattawa, kada ya kira ni. Ya fito nan, inda kowa yake gani, ya rubuta unguwa da lambar gidan da ya kai ki.

Ƙaninki da aka ce zai zo,
Habu