Ba Za a Auna Ruwan Rijiyarmu Ba

Gashuwa, daren Talata.

Tunda ban iya rubutu ba, bari in faɗa wa wayar nan, ko na ji sanyi.

Baban Ummi ya kira ɗazu daga Turai, can inda yake karatu a kan ciwon ƙodar da ke cinye mutanen garin nan. Ya ce an zaftare kuɗin binciken, an rage wa'adi, kafin damina sai ya tattaro ya dawo. Kwalaben ruwan da ya bi unguwa-unguwa ya ɗiba, ba duka za a auna ba.

Na ce, "Baban Ummi, na rijiyarmu fa?"

Wai malaminsa ne ke zaɓa, kuma namu ba ya ciki.

Wayyo Allah. Ruwan nan Innata ta sha har ƙafafunta suka kumbura, muka kai ta asibitin Nguru, ba ta dawo ba. Tun ranar nake jiran a ce min shi ne ko ba shi ba ne.

Ga Ummi ta farka, wai "Mama, ruwa." Na ɗebo a randa. Moɗa na hannuna, na kasa miƙa mata.