Hitar Motar Malam Maniru

Bodinga,
24 ga Yuli, 1983.

Zuwa ga maigidana Malam Maniru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, sanyin Ingila kuma bai hana ka karatu ba. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, Atika ta fitar da haƙoran sama, damina ta zauna sosai.

Amsarka ta iso. Shafi huɗu ce, uku da rabi a kan mota. Na gode da rabin shafin da ya rage mana ni da ƙafata.

Tunda ka ce bayanina na farko bai cika ba, ga shi dalla-dalla. Ina dawowa daga Shagari, inda aka yi mana, mu malaman makaranta, bitar aikin zaɓe, sai gilashin gaba ya yi hazo ta ciki. Kafin in goge, tafasasshen ruwa mai tsatsa ya kwararo daga ƙarƙashin dashbod a kan ƙafata ta dama. Fatar ta saɓule kamar ɓawon tumatir. Na tsaya a mahaɗar Dandin Mahe, kuma ashe ba wurin tsayawa ba ne. 'Yan banga sun tare hanya, sun kwantar da wani direban akori-kura suna dukansa da gora saboda takardar da ya manna a gilashi ba ta jam'iyyarsu ba ce. Ɗaya ya leƙo, ya ga jan ruwa a tabarmar mota, ya tambaye ni jinin wa na ɗauko. Sai da na miƙa masa ƙafar ya gani.

Na kai motar wurin Na'Allah, makaniken nan naka na bakin tashar Shagari, wanda ka hana kowa taɓa ta sai shi. Ya ce akwai wani ƙaramin lagireto a ɓoye bayan dashbod, hita ake ce masa, aikinsa ɗumama cikin mota, shi ne ya ruɓe. Shekara shida ina tuƙa ta, ban san tana da abin ƙara wa mutum zafi ba. Na'Allah ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malama, mi za ki yi da zahi a ƙasar Sakkwato?" Maganinsa shi ne a zare tiyo biyu da ke shiga wurin, a haɗa su da guntun bututu, ruwa ya kewaye. Minti goma. Haka ake yi wa kowace mota a nan. Canzawa kuwa sai an sauke dashbod gaba ɗaya, kwana uku, kuma ya faɗa mini a fili ba ya son motar ma'aikaciyar zaɓe ta kwana a buɗe a rumfarsa cikin waɗannan makonni.

Na kai masa shafukan littafin mota da ka aiko, da jan layin da ka ja ƙarƙashin inda aka ce a canza. Ba ya karanta Turanci, amma ya gane jan layi. Ba zan ɗora maka laifin matsa masa duka ba. Ni ma na ji daɗin tsayawa a gabansa da takarda a hannu, ina cewa a yi abu yadda masu shi suka tsara. Sabon lagireton ba ya samuwa tun da aka tsuke shigo da kaya, amma ya ciro ɗaya daga wata mota da ta kife kusa da Lambara. Zai fara mako mai zuwa.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.

Matarka,
Rahamatu.

Sakkwato,
10 ga Agusta, 1983.

Zuwa ga Malam Maniru,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Inna da Atika lafiya suke. Ni ina asibiti da ɗinki bakwai a goshi, kuma ni ce mai sauƙi. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu zaɓe, na shiga motar haya na je Shagari bayan azahar don in karɓi motar. Ban san cewa kwana uku garin yana zancenta ba. Mutane sun ga Na'Allah ya sauke gaban motar malamar zaɓe, ya ciro wani ɗan akwatin ƙarfe daga wurin da babu wanda ya san akwai wuri, ya cusa wani irinsa. Duk wanda ya tambaya, sai ya gaya masa gaskiya, cewa na'urar kawo zafi ce. Ka yi tunanin mutumin da gumi ke tsiyaya daga haɓarsa ana gaya masa haka. Da ƙarya ya yi, da wataƙila sun yarda. Sai magana ta zama ƙuri'u ne aka dangwale aka ɓoye. Masu wannan jam'iyya suka ce na waccan ne, masu waccan suka ce na wannan ne. A iya sanina, shi ne abu na farko da suka yarda da juna a kai cikin shekara huɗu.

Na tarar sun riga ni. Sun kai talatin, da gora da adda, da riguna iri biyu. Na'Allah yana kwance rigingine a cikin mota, kansa ƙarƙashin sitiyari, yana ɗaura ƙusoshin ƙarshe. Ta ƙafa suka janyo shi. Kansa ya bugi bakin ƙofa, sannan ƙasa. Wani dogo mai suna Mijinyawa, wanda na sha ganinsa yana dakon albasa a kasuwa, ya ɗauki tsohon lagireton ya ɗora a kan kututture ya sara da adda har sau uku. Ruwan tsatsa ya fito, da laka. Babu takarda ko ɗaya.

A makaranta an koya mini cewa hujja tana kashe gardama. Na tsaya ina jira su ji kunya. Sai wani ya ce ai wannan na banza ne, na gaskiyar yana ciki.

Suka ce ya ciro. Ya ce injin bai daɗe da mutuwa ba, ya tayar da shi don gwaji, ruwan yana tafasa. Suka ɗauka wayo ne. Mutum biyu suka danne hannunsa na dama a kan bakin ƙofa, Mijinyawa ya rufe ƙofar a kai. Ya buɗe, ya sake rufewa. Na ji ƙarar, Malam, kamar ana karya karan dawa. A na ukun na shiga tsakani ina ɗaga katin aikina, kamar wani zai karanta. Ban ga wanda ya buge ni ba. Na ga jini yana sauka a kan katin, na zauna a ƙasa.

Daga inda nake zaune na ga sauran. Suka farfasa dashbod da gora, wani ya cusa hannu ya fizge tiyo. Ruwan ya watso masa a fuska da ƙirji. Ihunsa ne ya watsa taron, ba 'yan sanda ba. Su sun iso bayan la'asar. Wannan karon ma ba a sami takarda ba. Mijinyawa ya goge addarsa a kujerarka ya tafi.

Wani mai tifa ya kawo mu nan, mu uku a baya, har da wanda ya ƙone. Yaron gadonsa yana kallon na Na'Allah. Likita ya ce sai kumburi ya sauka za a san abin da zai rage na hannun. Hasiya, matarsa, tana zaune a baranda da goyo. Ta gaishe ni, ta yi mini sannu da ciwo. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Kada ka tambaye ni gilashin mota. Ya fashe.

Rahamatu.

Bodinga,
18 ga Satumba, 1983.

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jarrabawa ta zo da sauƙi. Inna tana sa maka albarka. Atika ta fara tafiya, kuma ta daina tsoron tabon goshina, yanzu ma wasa take yi da shi.

Na ga wasiƙarka, na kuma ga inda tawada ta jiƙe. Na yarda ba ruwan sama ba ne. Ka ce in kai ƙara. Na kai. An rubuta, an ce in dawo bayan an rantsar da waɗanda suka ci. Mijinyawa ya koma dakon albasa. Ranar kasuwa ya ce mini sannu da zuwa.

An yanke wa Na'Allah yatsu uku. Babban yatsa da ƙaramin suka rage, ƙaramin ma ba ya lanƙwasuwa. Sifana ba ta zama a hannun. Na ga ya gwada lokacin da ya ɗauka ba na kallo.

Jiya na je Shagari. Motar tana nan a rumfarsa, kaji sun fara ƙwai a kujerar baya. Na ce zan nemo wanda zai ja ta, ya ce motar da ya karɓa da ƙafarta ba za ta bar rumfarsa a ɗaure da igiya ba. Ya sa na buɗe bonet. Ya zauna a kan benci, hannun a cikin riga, yana faɗa ina yi. Na kwance tiyo biyu, na yanke inda suka yage, na cusa guntun bututu a tsakani, na ɗaure da waya. Na cika babban lagireto da ruwan randar Hasiya. Na duba agogo don na san za ka so sani: minti goma sha biyu, kuma biyun nawa ne, na saka waya a karkace. Ta tashi a bugu ɗaya. Ya saurari injin, ya ce hannuna ba laifi, sai dai gaggawa.

Bai ce mini ya faɗa tun farko ba. Na jira, har na ba shi hanya. Sai ya tambaye ni ko can inda kake da gaske ana kunna wa mutum zafi a mota, na ce haka ne. Ya ce to Allah ya sawwaƙe muku.

Na tuƙo ta gida ba gilashi, ba dashbod, wayoyi suna lilo a gwiwata. Za ka same ta haka. Ba zan gyara ba sai ka gani.

Abu ɗaya nake so. Kada ka aiko masa da saƙo ta bakina. Ka rubuta masa wasiƙa da Hausa, ba jan layi, ni zan karanta masa, in kuma ƙara nawa a ƙasa. Ka rubuta da hannunka, Malam. Naka yana nan.

Matarka,
Rahamatu.