Mutum Dubu Biyar, Mabuɗi Ɗaya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon bayan nan? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Kin san aikin da maigidanki ya ɗauke ni a kamfaninsu: kafin a buɗe shafin intanet, ni nake tura masa mutanen bogi ta kwamfuta, in ga ko zai jure cunkoso. Wannan karon shafin rajistar ɗaliban wata makaranta ne. Duk wanda ya shiga, shafin kan ba shi lambarsa shi kaɗai, kamar mabuɗin ɗaki. Ni kuma in rubuta ɗan layin alamomi mai tsinto lambar daga amsar shafin, a ajiye ta, a sake nuna ta a kowane mataki na gaba.

Na tura mutum dubu biyar, shafi ko gezau. Na sa hannu a rahoto, maigidanki ya kai wa makarantar, har da yabona a gaban mutane.

Jiya ina duba bayanan sai na ga kuskurena. Lambar mutum na farko kawai aka ajiye, kowa ya yi ta amfani da ita. Ashe mutum ɗaya ne ya shiga sau dubu biyar! Na gyara, kowa da tasa, na sake gwadawa. Ko ɗari huɗu ba a kai ba shafin ya kwanta.

Na kai masa sabon sakamakon. Ya karanta takardar, sannan ya jefa ta durowa ya ce, "Auta, an riga an sanar, Litinin za a buɗe. Kuma sa hannun waye a wancan rahoton?"

In na gaya wa makarantar, na tona asirin mijin yayata, mutumin da ya tsaya mini lokacin da ko'ina ake ce mini ba gurbi. In na yi shiru, kwana uku ne wa'adin rajistar, yaran mutane za su yi ta dannawa a banza. Ga teburina yana kallon ƙofarsa. Tun safe ko ruwa na kasa tashi in sha.

Ban ce ki yi masa magana ba, don Allah kar ma ki nuna kin sani. So nake dai ranar Litinin, in ya dawo gida ya ce laifina ne, ya zamana kin riga kin ji daga bakina. Rabin maganar tasa gaskiya ce.

Ki gaishe mini da yara.

Ƙanwarki,
Auta