Bindigar Da Ta Riga Liman

Tungar Sodangi,
Ta hanyar Isa.
Ranar Babbar Sallah, da la'asar.

Ƙanena Kamaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun koma Sakkwato lafiya, ina yi maka barka da Sallah, don an ce Musulmi ya yi wa ɗan'uwansa. Ya Jamilatu da yara? Ina fatan zazzaɓin Marwan ya sauka. Mu nan lafiya lau, ban da ƙafar Inna da ka sani.

Da akwai sabis a garin nan da ka ji muryata tun da hantsi, kuma da ba ka ji daɗinta ba. Tunda babu, ga takarda, za ni ba Abbas direba gobe da sassafe. Ka zauna ka karanta ta da kanka har ƙarshe, kada ka ba wani ya taƙaita maka yadda kake taƙaita wa Onarabul ɗinka jarida.

Kamalu, a garin nan aka yanke maka cibi. Ka san ba mai sa wa ragonsa wuƙa sai an sauko Idi liman ya yanka nasa. Ka kuma san yadda na gida suke ganewa: Sarkin Bindiga ya ɗirka bindigarsa ta toka sau ɗaya daga filin Idi, shi ke nan, kowa ya kayar da dabbarsa. Tun da ɓarayin daji suka addabe mu, wannan ce kaɗai ƙarar bindigar da ake ji a garin nan mata su yi guɗa maimakon su suri 'ya'yansu. Sojojin da ke shingen bakin gari ma, waɗanda yawancinsu 'yan Kudu ne Kiristoci, sun san da ita, ba sa ko motsawa in ta tashi.

To, ga abin da na gani da idona, don ina sahun mata tare da ɗalibaina na Islamiyya. Tun fitowar rana fili ya cika. Ka zo ka durƙusa gaban Liman Zainulabidin ka ce a dakata, babban baƙo yana hanya. Dattijon ya ji kunyar ɗan da ya koya wa alifun ba'un, ya dakata. Rana ta take, tsofaffi suna ɗigar gumi, yara suna kuka. Daga baya muka ji dalili: wai sai da Onarabul ya tsaya ya yi Idi a wani gari aka ɗauke shi hoto, sannan ya taho ya ƙara a namu. Ban taɓa jin mutum ya yi Idi biyu a rana ɗaya ba sai bana, da zaɓe ya matso.

Motoci na tsayawa na gan ka ka nufi Sarkin Bindiga. Na ga ya girgiza kai. Na ga ka yi masa nuni da wajen liman, kamar an riga an ba da izini. Ya ɗaga ta ya harba, masu kyamara suka ɗauka, mutanenku suka yi tafi. Ko kabbarar farko ba a yi ba.

Ban tsaya sallar ba, Allah Ya yafe mani. Na kwashi zanena na ruga gida kamar mahaukaciya. Ka san Baba Na'Allah ba ya zuwa Idi saboda gurguntarsa, shi ke yanka wa gidajen da ba namiji, kuma kullum da namu yake farawa don girmama marigayi Baba. Tun safe yana zaune a zaure da wuƙarsa, rana ta wuce lokacin da aka saba, ga bindiga ta tashi. Me kake so ya yi? Na tarar har ya fara fiɗa. Inna tana kan tabarma tana ta hamdala, hawaye na zuba, ta ce mani, "Sadiƙa, bana dai ni ma na yi."

Ka san ragon nan ko ba ka sani ba? Tun shekarar da aka kore mana dabbobi, wadda Baba ya rasu a cikinta, Inna ba ta ƙara yin layya ba. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta samo shi yana ɗan tinkiya, wani ɗan garin Burkusuma ya ɗauko mata shi a babur. A ɗakinta yake kwana don tsoron ɓarayi. Da wannan kumburarriyar ƙafar take jan jiki ta dama masa dusa. Sau nawa ta ce mani ba ta sa ran ganin Sallar baɗi, burinta dai ta gabatar da wannan. Yanzu ya zama naman miya, domin abin da aka yanka kafin sallah ba layya ba ne, kai ma ka karanta.

Ban gaya mata ba. Ga shi can an tsire shi a itace an jera kusa da wuta ana tareni, tana ta lissafa gidajen da za ta aika wa gobe. Kai kuwa ko leƙowa ba ka yi ba, ka bi jerin motoci ka tafi.

Abu ɗaya nake so. Yanka yana nan har faɗuwar ranar jibi. A garin nan babu sauran rago ko na magani, kasuwa ba za ta ci ba sai bayan Sallah, mijina Nasiruddeen kuwa yana can Maraɗi da kayansa. Ka sayi rago lafiyayye ka ɗora wa Abbas ya taho da shi. Ba na son dogon bayani, rago nake so.

Ka gai da Jamilatu, ka shafa mani kan yara.

Yayarka,
Sadiƙa.


Tungar Sodangi.
Washegarin Sallah, bayan magariba.

Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan gajiyar hidimar jama'a ta sake ka. Abbas ya dawo lafiya, ya kawo takardarka da ledar lemu. Na duba bayan motarsa da kaina ko lemun yana da ƙaho.

Na karanta amsarka. Ashe ka zama malami ban sani ba. Ka ce layya sunna ce ba farilla ba, kuma Allah niyya Yake dubawa. Madalla. Ina wannan karatun yake jiya da kake raɗa wa Sarkin Bindiga ƙarya a kunne? Ka ce ba ka zaci na gida za su ɗauka ta yanka ce ba. Kamalu, kai ne fa kake tsayawa a bakin zaure kana ƙarami, kunne a sama, ka ruga ka ce wa Baba ta tashi.

Ka ce Onarabul ya ji labari ya yi baƙin ciki, kuma bayan Sallah zai shirya taro a raba raguna ga duk wanda abin ya shafa. Bayan Sallah! Sai ka ce buhun taki ne da za a karɓa a ajiye. Kun je Abuja kun dawo kuna ganin komai ana iya ɗage shi zuwa wani mako, har da ranar da Allah Ya sa. Sannan ka roƙe ni kada in bari zancen ya kai gidan rediyo, wai manyan jam'iyya sun ga hoton Idin namu sun yaba, sun ce alama ce zaman lafiya ya dawo yankin. A zo a gaya wa matan Gatawa 'yan gudun hijira da ke kwana a ajin makarantarmu. Na san aikinka. Kai kake rubuta masa saƙon barka da Sallah, in Kirsimeti ta zo ka canja 'yan kalmomi ka aika wa na Kudu. Ban taɓa ganin laifin wannan ba, kowa da abincinsa. Amma ban san har sallarmu ta shiga cikin kayan aikin ba.

Yanzu ka ji abin da ya faru. Da safe Liman Zainulabidin ya tura mai shela ya zaga gari, cewa duk wanda ya yanka da jin bindigar farko ya sake in yana da hali. Ina tsakar gida ina yanka naman tareni, Inna tana kasa shi a faifai. Na so in yi wani motsi da zai rufe muryar, ban samu ba. Ta saurara har ya wuce. Ta dube ni ta ce, "Ke kin sani tun jiya?" Na sunkuyar da kai. Ta ci gaba da kasafi. Ta aika wa kowane gida da ta ambata, ta aika wa matan makaranta, ta aika wa sojojin shinge ƙafar gaba kamar yadda Baba ya saba yi wa baƙin gari. Amma ko tsoka ɗaya ba ta kai bakinta ba, kuma tun azahar tana ɗaki fuskarta na bango.

Baba Na'Allah ya zo da sandarsa ya zauna a zaure yana kuka, wai shi ya ɓata wa marayu da gwauraye ibada. Tsoho mai furfura yana neman gafara a kan laifinka. Liman ma ya aiko a ba Inna haƙuri, ya ce da ya sani da ya tayar da sallarsa a kan lokaci, kowa ya zo ya tarar. Kowa a garin nan ya ɗauki rabonsa na laifin, sai kai da ubangidanka.

Ban gaya mata kai ne ba. Ta tambayi wa ya sa aka harba, na ce baƙi ne. Ban ga na yi ƙarya ba.

Gobe ce ranar ƙarshe. Na roƙi Abbas ya bar fasinja ya fita da asuba don kai kaɗai, ya yarda saboda Inna. Yana isa ka sa ragon a mota ya juyo, ko ruwa kada ka tsayar da shi sha. Ka san halin hanyar, ka san shingaye. In ya baro Sakkwato kafin azahar zai same mu da sauran rana. Baba Na'Allah ya ce zai wuni a zauren da wuƙarsa.

Ina gaida Jamilatu. Ita mace ce mai hankali, ka ba ta takardar nan ta karanta, wataƙila ta fahimtar da kai.

Yayarka,
Sadiƙa.


Tungar Sodangi.
Kashegarin rufe yanka.

Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan jikin Marwan ya yi ƙarfi. Muna nan yadda ka bar mu.

Rago ya iso. Babba ne, ba laifi, fari tas in ban da sunan Onarabul da kuka rubuta masa da koren fenti a haƙarƙari biyu.

Abbas ya gaya mani komai, kada ka wahalar da kanka da rubutu. Ya isa da hantsi ya tarar da ragon a ɗaure, ya kama igiya, ka ce ya dakata. Tunda daga garken ubangidanka ya fito, dole sai ya sauko an ɗauke shi hoto yana miƙawa. Abbas ya nuna maka rana, ka ce minti kaɗan ne. Mai gidan yana sama da baƙi daga Abuja. Sai bayan la'asar ya fito ya dafa ƙahon ragon ya yi murmushi, aka ce a sake domin ya rufe ido a na farko. Kana tsaye a wurin, Kamalu. Igiya ce kawai za ka kwance.

Mu kuwa tun azahar Inna ta sa aka fito mata da tabarma ƙofar gida. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen Sallarta. Duk ƙarar mota sai ta ɗaga kai. Maƙwabta suka taru ba wanda ya kira su, Baba Na'Allah yana ta gwada kaifin wuƙa a farcensa. Na tsaya ina kallon rana tana sauka bayan rumbunan gidan liman, ina ji kamar in sa hannu in tare ta. Da ladan ya kira magariba, Baba Na'Allah ya mayar da wuƙarsa kube ya tashi, bai yi wa kowa sallama ba. Muna idar da sallah muka ji hon ɗin Abbas. Bawan Allah ya yi gudun da bai taɓa yi ba, ya sauko yana rantse-rantse kamar shi ya yi laifin.

Ni na ce a mayar maka da abinka a motar da ta kawo shi. Na faɗa da ƙarfi, a gaban mutane, kuma a nan bakina ya suɓuce na faɗi wanda ya sa aka harba bindigar. Inna ta ɗaga mani hannu. Ashe ta sani, matan da suka zo gaisuwa sun gaya mata tun shekaranjiya. Ta ja jiki ta je wajen ragon, ta shafa wuyansa, ta ce, "Ku ba shi ruwa, ya sha hanya. Dabba ba ta da laihi." Yau da safe na tarar da ita da sabulu da tsumma tana goge fentin, ya ƙi fita. Ta sa an shigar da shi ɗakinta. Ta ce za ta kiwata shi zuwa baɗi, in kuma ba ta kai ba, in sa a yanka a ce nata ne. Yadda ta faɗe shi ba ko rawar murya, shi ya sa na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba.

Kada ka aiko da masu kyamara, na ji Abbas ya ce kuna shawara. Kada kuma ka turo mani kowa lokacin zaɓe a ce in tara matan Islamiyya. In za ka zo ganin uwarka, ka zo a motar haya kai kaɗai, ka tarar da ƙofa a buɗe.

Inna ta ce lallai in rubuta maka godiya. Ta ce in ce Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka, kuma kada ka sa damuwa a ranka. Ta sa na maimaita mata don ta tabbata ban rage komai ba. To, ga ta nan na rubuta yadda ta faɗa. Godiyar tata ce ita kaɗai, babu tawa a ciki.

Ka gai da Jamilatu da yara.

Yayarka,
Sadiƙa.