Waɗanda Ba a Ƙirga Ba

Eschenried, 3 ga Mayu

Zuwa ga Kaka Traudel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Yaya ƙafar? Baba da Mama suna gaishe ki.

Kaka, masu gyaran coci sun sauko da ƙwallon tagullar da ke ƙwanƙolin hasumiya. Kin san duk lokacin gyara ana sa takarda a ciki, a faɗi halin da gari yake ciki. An sami guda huɗu. Mai gari Zehnder ya ce ni zan rubuta ta biyar, wai rubutuna yana karantuwa. Ranar 26 za a rufe ƙwallon. Tun da ya faɗa ban ci abincin kirki ba.

Ta 1661 ta ce yaƙi da annoba gida bakwai kawai suka bari. Ta 1783 duk labarin ƙanƙarar da ta kwantar da hatsi ne. Ta 1871 tana yabon sabuwar garma. Ta 1952 ce ta tsaya mini a rai. Rubutun sak na katin da kike aiko mini duk shekara. Ta ce mutum 206, shanu 140, dawaki 19. Sau uku na duba sunayen gidaje, babu namu. Ba kuna nan ba a lokacin?

Ki gafarce ni idan tambayar ba ta dace ba.

Jikarki,
Annelie

Bremen, 9 ga Mayu

Annelie sarkin bincike,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan tana gardama.

Muna nan mana. Mu hamsin da takwas aka koro daga gabas bayan yaƙin duniya, aka rarraba mu gida-gida. Ni da yayana, kakanki, shekara shida muna kwana a saman ɗakin shanun gidan Zehnder. Ina shekara goma sha biyu malamin makaranta ya zaunar da ni, yana faɗa ina rubutawa. Da ya kai kan dawaki na ɗaga kai na ce, "Malam, mu fa?" Ya ce, "Ku baƙi ne, gobe za ku wuce. Rubuta, kada tawada ta bushe."

Kakanki bai wuce ba, shekara hamsin ya yi yana noma a nan. Ni ce na wuce. Yanzu kin san abin da ya sa sai jana'iza take kawo ni garinku.

Ke dai rubuta abin da aka ce miki, ki ci abincinki.

Na bar ki lafiya,
Traudel

Eschenried, 16 ga Mayu

Kaka,

Ina gaishe ki da kyau. Ban bi shawararki ba, ki yi haƙuri.

Mai gari ya ba ni lissafi, mutum 171. Na bi gida-gida da keke na sami 184. Ya bar iyalin Dobre masu tatsar shanunsa, da iyalin Haddad da ke tsohuwar makaranta. Ya ce, "Waɗannan ai 'yan wucewa ne, yarinya."

Na je wurin faston da ke ajiye da takardun, muka juya takardar 1661. A bayanta an ƙara layi biyu: baƙi sun zo daga Suwizalan, an ba su gonakin da suka zama daji. Sunan farko Ulrich Zehnder.

Jiya na karanta a taron gari. Na baya suka ce in maimaita. Sai tsohuwa Kunz ta ce, "Ashe kai ma baƙo ne, Zehnder? To yaushe za ka wuce?" Fuskarsa ta yi ja. Can ya ce, "Rubuta duk wanda kika ga dama. Amma shafi biyu, ƙwallon ba rumbu ba ne."

Na sa 184. Saura rabin shafi, kuma ina so in sa sunayenku. Guda tara kawai na samu a maƙabarta. Za ki iya tuna sauran? Idan ba kya so, ba zan sake tambaya ba.

Jikarki mai ƙaunarki,
Annelie

Bremen, 21 ga Mayu

Annelie,

Ina gaisuwa. Juya takardar nan, ga sunaye hamsin da bakwai. Na ƙarshen nawa ne, ki bar masa layi ɗaya, da alƙalamina zan zo.

Ki ce wa babanki ya tare ni a tasha ranar 25.

Traudel