Na Koma Filin Hoki

Daren Laraba, Kaura Namoda, 2000

Gwiwata sai zogi take, amma raina fes. Yau na fara koyar da hoki, wasan ƙwallon sanda, a sakandare. Shekara tara ina tsaron baya a Sakkwato kafin gwiwar nan ta zaunar da ni. Da aka ba mu jihar Zamfara, abokan wasa duk muka watse.

Da la'asar sai ga Sani Shinkafi, tsohon golanmu, tsaye bakin fili, ni kuwa ina yi wa ɗalibai tsawa. Ya ce, "Garba, mi ya same ka? Kai da ko koci bai san muryarka ba!"

Na yi dariya har da hawaye. Na ce, "Sani, da can kana bayana, kai ke yin tsawar. Waɗanga ba su da kowa sai ni."