Takardar da ke Saman Gadona

Tarrawinna, 3 ga Maris

Ba za a rushe gidanmu ba, Yaya Dulcie! Au, ko gaisuwa ban yi ba. Yaya gwiwar taki? Ina su yara?

Hukumar gari ta saye shi za ta mai da shi gidan tarihi, tunda a ɗakin da aka haife mu aka haifi mawaƙiya Ada Pengilly, shekara hamsin kafin mu. An sa sabon kwano, an tayar da murhun Inna. Wata matashiya, Noeline, ce ke kula da gyaran. Mako mai zuwa za su ɓanɓare allunan da 'yan haya suka buga, su tarar da jaridun da Inna ta liƙa da kokon fulawa don tare iska. Sai dai Noeline ta ce su ma cirewa za a yi, har a kai ga bangon zamanin Ada.

Kin tuna takardar saman gadona, mai hoton rago, wadda kike karanto mini waƙar Ada a cikinta in ruwa ya hana mu fita? Shekara arba'in ina askin tumaki ina rera ta. Na roƙa a bar ni in karanta ta da idona kafin a yage. Don irin wannan rana na zauna ajin yamma na koyon karatu da furfurata, jikata Kirra tana yi wa rubutuna dariya.

Ƙaninki,
Merv


Adelaide, 9 ga Maris

Auta,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Gidan da muka sha sanyi da cizon ƙuma ne abin murna? Ka bar su su yage takardar nan. Babu waƙar Ada a cikinta. Shekarata tara a lokacin, wata huɗu kacal na yi a makaranta aka cire ni. Kana fama da tari, kana kukan Baba da ya tafi askin tumaki bai dawo ba, sai na ɗora yatsa a kan layin ina faɗar abin da ya zo bakina. Da ka nace a maimaita, dole na haddace. Sunan Ada na sa don ka yarda.

Kada ka je ka rera ta gaban masu ilimi su yi maka dariya. Ka yafe mini.

Yayarka,
Dulcie


Tarrawinna, 20 ga Maris

Yaya, gaisuwa mai yawa.

Na karanta. Tallan maganin kaskar tumaki ne. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma hawaye suka zo. Noeline ta tambayi dalili, na gaya mata komai, na rera mata waƙar tun daga fari. Da na gama, ta ce wa kafinta, "Wannan gefen ba mai taɓa shi."

An rufe takardar da gilashi, ragon yana nan da ƙahonsa. Waƙar kuwa ni na rubuta ta da hannuna aka rataye a gefe, Kirra ta gyara mini wuri uku. A ƙasa na sa: Dulcie Tregenza, shekara tara.

Za a buɗe ranar Asabar ta farkon Mayu. Ki taho da yara da jikoki, har maƙwabciyar nan taki mai surutu. An yi wa ƙofa gangara, gwiwa ba hujja ba ce. Ku zo duka ku gani.

Merv